Jawabi ga Makiyaya da Fatake a kan Koyar da Addini a Lakwal ta Gwamnati

 

Ardo-ardo da dattawanmu, 'yan uwa makiyaya, fataken shanu da dillalai, muna yi muku sannu da zuwa, muna kuma gode wa waɗanda suka baro dabbobinsu a hannun yara suka zo wannan taro. Yau ba maganar burtali ko ta rijiya za mu yi ba. Maganar 'ya'yanmu da ke lakwal ce, da wanda ke da ikon koya musu addini.

Koke-koke iri biyu ne suka iso ga ƙungiya. Na farko, a wani lakwal na karkarar arewa wasu baƙi sun kawo taimakon abinci da barguna, abin da muka yi murna da shi, amma daga baya suka shiga tara yara da dare suna koya musu waƙoƙi da labarai na addinin da ba na iyayensu ba. Na biyu, wani mushe Musulmi ɗan uwanmu ya mai da aji wurin wa'azi, yana gaya wa yara cewa sallar iyayensu ba salla ba ce, wuridin kakanninsu kuma bidi'a ne. Yaro ya komo ruga hutu ya ƙi bin ubansa salla. Mu a wurinmu waɗannan biyu laifi ɗaya ne, domin kowanensu ya shiga tsakanin ɗa da mahaifi ba tare da an tambayi mahaifin ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi yi mana ciwo bisa mutanen gari a fili yake. Ɗan birni yana tashi daga lakwal ya koma gida, ya ci tuwo da uwarsa, da magariba ya ɗauki allonsa ya tafi wurin malamin unguwa. Duk abin da aka faɗa masa da rana, kafin dare ya shiga kunnen iyayensa. Namu fa? Muna ajiye shi a lakwal mai kantin cikin watan Oktoba, a Abalak ko Cintabaradan ko Barmu, mu kuwa mu bi dabbobi kudu, wani har Nijeriya ko Benin. Wata da watanni ba mu gan shi ba. Wanda ke ba shi abinci shi ne uwa, wanda ke riƙe da alli shi ne uba. Yaro ɗan shekara 7 da ke cin tuwon mutum ba ya iya ce masa a'a.

Wannan tsoro ba yau ya fara ba. Zamanin Nasara, da komanda ya ce kowane sarki ya ba da yara a sa lakwal, da yawa sun ɓoye 'ya'yansu sun tura 'ya'yan barorinsu, don sun ɗauka wanda ya shiga lakwal ya bar addini. To, mun ga abin da ya biyo baya. Waɗanda aka tura ɗin su ne suka zama ma'aikata, mu kuwa sai ga mu a gaban alƙali ana karanta mana takardar filinmu da harshen da ba mu ji, muna dangwala yatsa. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya ce ƙungiya ta ce a janye yara daga lakwal. Ba mu ce ba. Wanda ya janye ɗansa bai cuci mushe ba, albashinsa yana nan.

Abin da muke so ku riƙe shi ne, doka tana bayanmu a kan wannan magana. Bayan babban taron ƙasa na 1991 an yi doguwar gardama a Yamai a kan matsayin addini cikin mulki. Tsarin mulkin 1992 ya ce gwamnati ba ta wani addini ba ce, na 2010 kuma, wanda aka dakatar a 2023, ya yi maganar raba gwamnati da addini. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta ce karatun lakwal ta gwamnati ba na wani addini ba ne. Mun san akwai 'yan uwanmu da ba su son jin wannan, suna cewa a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne me ya kawo wannan magana. Muna jin su. Amma su duba, wannan magana ita ce sandar da za mu riƙe mu ce wa baƙo, ajiye buhunka na shinkafa mun gode, wa'azinka kuwa ba nan ne wurinsa ba. Ita ce kuma za mu nuna wa mushe mu ce, an turo ka ka koyar da lissafi da Faransanci, ba a turo ka ka raba mu da ɗariƙarmu ba. Haka nan ɗan Kirista da ke cikin ajin, ko da shi kaɗai ne, ba mai ikon tilasta masa abin da ubansa bai yarda da shi ba. In mun ƙi a yi wa namu, kada mu yarda a yi wa na wani.

To, in an ce haka, ina yaro zai sami karatun addininsa? Nan ne muke da hakkin da muka daɗe ba mu nema ba. Gwamnati tana da nata makarantun da ake kira madarasa, inda ake haɗa Larabci da Faransanci da karatun Musulunci. Ta farko an buɗe ta a Say tun 1957, kafin ƙasa ta sami 'yancin kai. Yaron da ya bi ta yana cin jarrabawa yana samun takarda kamar kowa. Bambancinta da abin da muke kuka da shi shi ne, uba ne ke ɗaukar ɗansa da hannunsa ya kai shi, ya san abin da za a koya masa, littafin kuma hukuma ta duba shi. Matsalar ita ce waɗannan madarasu sun fi yawa a garuruwa, mu kuma a bakin rijiya muke. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, kuma karatun addinin Musulunci yana cikin darussan makarantunta. Ba mu ce komai nasu ya gyaru ba, masu zuwa can da shanu sun ga azuzuwan da ba malami, amma dai an lissafa da makiyayi. Abin da ƙungiya za ta kai wa hukumomin ilimi ke nan: duk inda za a buɗe sabon lakwal mai kantin a yankin kiwo, a tambayi iyaye ko madarasa suke so.

Kafin wannan ta samu, akwai abin da ke hannunmu. Kowane lakwal yana da kwamitin iyaye da ke kula da shi, amma sau nawa ake ganin makiyayi a ciki? Mukan bar wa 'yan kasuwar garin, mu ce ba mu da lokaci. Kowane ardo ya fitar da dattijo ɗaya wanda ba ya tafiya da dabbobi, ya zauna kusa da lakwal, ya shiga kwamitin, ya riƙa leƙa inda yara ke kwana. A kuma haɗa kuɗi a riƙe malamin allo da muka sani, muka san malaminsa, ya riƙa karantar da yaranmu da asuba da bayan magariba, a wajen lokacin aji, da sanin darakta. Mutum ashirin in kowa ya ba da akuya ɗaya a shekara, malami ya zauna. Fatake, ku ma muna kallonku, domin ribar da kuke samu a kara daga garken waɗannan yara take fitowa.

Wanda ya ji wani abu daga bakin ɗansa, kada ya ɗauki sanda. Mun ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, lokacin da fushi a kan zanen wata jaridar Faransa ya kai ga ƙona coci-coci da rasa rayuka, alhali waɗanda aka ƙona wa ba su ne suka yi zanen ba. Ya fara bincikawa tukuna, don yaro yakan ƙara gishiri. In ta tabbata, ya sami darakta tare da shaidu biyu. In darakta bai yi komai ba, a zo ofishin ƙungiya, mu rubuta takarda zuwa ga sufeton makarantu, da sunan lakwal da ranar da abin ya faru, ardo ya sa hannu. Takarda ba ta ɓata kamar maganar baki.

Sakatare yana nan bakin ƙofa da littafi. Kowane ardo ya ba shi sunan dattijon da ya zaɓa kafin a watse, domin muna so sunayen su isa hannun daraktoci kafin a koma lakwal.