Kafin Mu Ɗaga Bulala: Jawabi a Taron Reshe



Yau zan taɓo maganar da kunya ta daɗe tana hana mu yi. Yaro mai lalurar galahanga, wanda kuma yake da raunin fahimta, jikinsa yana balaga a kan kari kamar na tsaransa, fahimtarsa ce ke biyowa a hankali. Wata rana sai ya tuɓe a cikin aji, ko ya kai hannu jikin yarinya a lungu. Nan take wasu su ce ɗan iska ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi. Daga nan sai bulala, ko kulle a ɗaki.

Mu a cikin birni da ido muke koyar da kunya; harara ɗaya ta uwa ta wadatar. Shi kuwa wannan yaro karanta fuska yana yi masa wuya. Abin da ba a faɗa masa ƙarara ba, bai san shi ba. Duka yana sa masa tsoro, amma ba ya sanar da shi iyaka.

Saboda haka mu fara da bincike. Malami ya rubuta lokacin da abin ke faruwa, da wurin, da abin da ya gabace shi. Wani ƙaiƙayi ne ke damunsa, wani damuwa ce, wani yana kwaikwayon abin da ya gani a waya, wani kuma shi aka fara yi wa.

Sannan mu koyar tun kafin balaga, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nuna masa da zane da gajerun kalmomi: ga al'aura, ga inda ake tuɓewa, ba a taɓa kowa sai da izini. Doka ta zama ɗaya a gida da makarantar boko da ta allo. Addini ya riga mu, da ya yi umarnin raba wa yara shimfiɗa a shekara 10.

Lalurarsa ba ta goge cutar da aka yi wa yarinya ba, kada a rufe maganar a soro. Akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala domin wadda aka cuta, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin yaron.

Ina roƙon reshenmu ya gayyato masana daga Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero su horar da mu kafin ƙarshen wannan zango.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.