Bayan Kulle: Komawar Jama'a ga Harkokinsu na Yau da Kullum



Kafin shekarar 2020, in Bahaushe ya ce "kulle", abin da yake nufi shi ne zaman matan aure a gida. "Takunkumi" kuwa abu ne da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya yi ɓarna a gonar mutane. Zuwan annobar korona ya sa kalmomin nan biyu suka sami sabuwar ma'ana, har aka kulle gari ɗungum, aka kuma ga alhazai da manyan ma'aikata sanye da takunkumi. To, abin da ya taɓa harshe haka, lalle ya taɓa zaman jama'a.

An fara samun cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Ran 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja. A cikin Afrilu kulle ya iso Kano, ya haɗa da watan azumi, ba tafsiri a bainar jama'a, ba hawan salla. A farkon Yuli aka ɗage shi. Sai ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta fita daga matsayin gaggawa.

Ɗage doka aikin rana ɗaya ne, sanarwa kawai ake yi a rediyo. Amma komawar mutane ga halinsu na da, wannan ya ɗauki watanni, wani ma shekaru. Ana iya duba al'amarin ta fuska uku.

Na farko, zumunci. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ga shi kuwa ƙafar ce aka ɗaure. Musafaha, da haɗa sahu kafaɗa da kafaɗa, da zaman makoki, da biki da suna, duk an hana ko an rage. Wannan fanni shi ya fi saurin komawa, domin yawancin mutane dama bisa tilas suka bari. Sai dai an sami waɗanda suka saba da yin ta'aziyya da barka ta waya, suka ci gaba da haka bayan hanya ta buɗe. Tsoho da ke ƙauye bai ɗauki kiran waya a bakin ziyara ba, kuma yana da gaskiya.

Na biyu, ilmi, kuma a nan ne asara ta fi yawa. An rufe makarantu a ƙarshen Maris 2020. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a Agusta don jarrabawa, saura kuwa sai wajen Oktoba. Jami'o'in gwamnati sun gamu da wahala biyu, domin yajin aikin malamai ya kama daga Maris zuwa Disamba, ba a koma aji ba sai farkon 2021. An yi ƙoƙarin koyarwa ta rediyo da talabijin da intanet, amma ɗan da gidansu ba lantarki, ba kuɗin sayen data, yaya zai yi? Da aka koma, sai aka tarar 'yan aji ɗaya sun rabu gida biyu, wasu sun ci gaba, wasu sun mance abin da suka sani. Akwai yaran da suka kama sana'a, da 'yan matan da aka aurar, ba su sake komawa ba. Almajiran da jihohin Arewa suka yi ta mayarwa garuruwansu kuwa, kaɗan ne aka bi sawunsu aka san inda suka ƙare.

Na uku, aiki da kasuwa. Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, ana biyansu albashi. Ɗan dako a Kantin Kwari, da mai shayi, da mai tura baro, ba su da wannan gata. Sai sun fita za su ci. Saboda haka ɗan kasuwa ya koma da gudu, amma jarinsa ya riga ya tafi a tukunya, bashi ya hau kansa. Ma'aikaci kuwa ya koma da nawa, domin sabo turken wawa ne. Ofishin da aka saba buɗewa kwana biyu a mako, sai an yi da gaske ake maido shi kwana biyar, talakan da ke jiran sa hannu a takardarsa shi ke shan wahalar.

Ba duk abin da kulle ya kawo ne abin yarwa ba. Wanke hannu da sabulu, da rufe baki in za a yi tari, da killace marar lafiya, abubuwa ne da ke maganin kwalara da sanƙarau da mashaƙo, waɗanda har yanzu suna ɗaukar rayuka a ƙasar nan. Abin takaici, bokitin wanke hannu shi aka fara ɗaukewa daga ƙofar ofis da makaranta.

Saboda haka aiki yana kan masu sauraro. Ɗalibi ya nemo ɗan unguwarsu da ya bar karatu, ya taimaka ya koma. Ma'aikaci ya riƙe lokacin aiki, ya kuma adana rahoton abin da aka yi a lokacin annoba, da wanda ya yi amfani da wanda bai yi ba, domin wanda zai gaje kujerarsa ya sami abin dubawa. An yi annobar mura a 1918, an yi wannan bayan shekara ɗari da biyu, ba kuwa wanda zai ce ita ce ta ƙarshe.

Allah ya kiyaye gaba.