Ajiyar Zuciya Kafin Ɗaga Murya

 

An ba mu 'yan mintuna mu yi magana a kan gajiya da damuwa. Mu malaman firamare ne, don haka za mu tsaya a kan abu guda da muka gwada a jikinmu, wato numfashi.

Dukkanmu mun san wannan sa'a ta bayan an dawo daga tara. Rana ta take, aji ya cika maƙil, an maimaita darasi har sau uku, sai ga wani yaro can baya ya kifar da ruwa a kan littafin ɗan'uwansa. Kafin mu ankara kafaɗa ta ɗage, muƙamuƙi ya ɗaure, murya ta haura. Sau nawa muka koma gida muna tuna fuskar yaron da muka daka wa tsawa, alhali laifinsa bai kai rabin tsawar ba? Abin da ke faruwa shi ne jiki yakan ɗauki matsi tamkar haɗari, ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji. Shiri ne na gudu ko kokawa. Malami kuwa ba shi da inda zai gudu, sai abin ya sauka a kan ɗan shekara takwas da ke gabansa.

Ba mu da ikon umurtar zuciya ta rage gudu. Amma numfashi a hannunmu yake, kuma akwai igiya tsakaninsu. Wata doguwar jijiya ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta sauka zuwa zuciya da ciki, tana aiki kamar birki. Idan muka shaƙi iska birkin yakan sassauta, bugun zuciya ya ɗan ƙaru. Idan muka fitar da ita yakan kama, bugun ya ragu. Mai shakka ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya saurara, ko da yake a jikin matashi abin ya fi fitowa fili. Kakanninmu ba su karanta ilimin jiki ba, amma doguwar iskar nan da mutum ke saukewa bayan firgita sun kira ta ajiyar zuciya. Mun daɗe muna mamakin yadda sunan ya dace.

Ga yadda ake yi. A zauna, ƙafafu a ƙasa, a ɗora tafin hannu a kan cibiya. A shaƙi iska ta hanci a hankali ana ƙirga huɗu, har hannun ya ɗago. Ciki ake so ya motsa, kafaɗa ta zauna inda take. Sannan a fitar da ita ana ƙirga shida, da leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko mai zafi. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan tsari kuwa yana saukar da shi zuwa kusan shida. Sirrin yana wajen fitarwar, ita za a tsawaita. Kada a yi ta zuƙar iska da ƙarfi, domin hakan yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya biyo baya, yatsu su riƙa tsira. Wanda ya ji haka ya dakata, ya koma numfashinsa na kullum.

A cikin aji ba sai an zauna ba. Mukan juya mu fuskanci allo kamar za mu goge wani abu, mu sauke numfashi uku, sannan mu juyo. Daƙiƙa talatin ke nan. Yaron yana nan, laifinsa yana nan, za a kuma hukunta shi, sai dai hukuncin zai zo daidai girman laifin. Amma fa wanda bai saba yi lokacin da hankalinsa ke kwance ba, ba zai tuna da shi cikin fushi ba. Shi ya sa muke ware minti biyar da safe kafin a buga ƙararrawa.

Da dare akwai wata dabara ta wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, wanda ya wallafa littafi a kanta a 1929. Ya lura cewa mutum kan ɗaure tsokarsa bai sani ba. Sai a dunƙule hannu na daƙiƙa biyar, a saki, a saurari bambancin. A ɗage kafaɗa zuwa kunne, a saki. Haka har zuwa yatsun ƙafa. A tsallake duk gaɓar da ke ciwo. Ranar da muka fara, a muƙamuƙi muka tarar da gajiyar yini duka.

Numfashi ba zai rage yawan yara a aji ba, ba zai kawo albashi da wuri ba, kuma ba ma so wani ya fake da shi ya ce an magance matsalar malami. Haka nan ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa yana zuwa awo. Wanda ke jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, asibiti zai nufa ba tare da jinkiri ba. Wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci makonni, shi ma ya ga likita, babu abin kunya a ciki.

Malam Shugaba, muna roƙon minti biyu kafin a shiga batu na gaba. Jama'a, a ajiye waya da jaka, a ɗora hannu a kan cibiya. Za mu ƙirga muku.