Kalmomin da Suka Ci Kasuwa a Shinkafi

Kalmar kasuwa ita kanta baƙuwa ce a bakin Bahaushe. Masana harshe sun bi sawunta zuwa kasugu ta Barebari, su kuma daga suƙ ta Larabci suka samo ta. Ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, Alhamis, a Larabce na nufin ta biyar, domin daga Lahadi ake fara ƙirgen kwanaki.

Buzaye da ke gangarowa daga arewa ta wajen Maraɗi sun bar raƙumi, dabbar da sunanta. Takarda ma ta bakinsu ta shigo, amma tafiyarta ta fi nisa: tushenta na can tsohuwar Girka da Rum, kuma daga nan ne Turanci ya samu sunan da Hausa ta mayar kati. Ke nan takarda da kati 'yan uwa ne, hanya ce ta raba su.

Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a 1929, sai ga tasha da reluwe. Cinikin gyaɗa ya ƙara yaɗa fam da sule da sisi da kwabo, duk na Ingila, aka lanƙwasa su har suka zauna daram a harshe. Akawun da ke riƙe da littafin awo kuwa sunansa na Yarbawa ne.

Jirgi dai ba aro ba ne. Sunan abin fiton kogi ne tun kaka da kakanni, aka ɗora wa na ƙasa, daga baya na sama ya gada.