MAGANIN ƘARFIN MAZA: JAWABI GA MATASAN JIBIYA

 

Ya ku 'yan uwa, maganar da zan yi ana jin nauyinta, amma babu kunya wajen neman sani. Duk mai bin hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ya san masu tallar magani a faranti da bayan babur. Za a miƙa wa matashi ƙwaya a ce ta ƙarfin maza ce, ya haɗiye bai ko tambayi sunanta ba.

To, mafi yawa sunanta sildenafil, wadda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra, Amurka ta amince da ita a 1998. Asali ma a kan masu ciwon ƙirji aka fara gwada ta, domin aikinta buɗe hanyoyin jini ne, ba ƙara sha'awa ba. Shi ya sa likita ne ke rubuta ta, miligiram 25 ko 50 ko 100, sau ɗaya tak a yini, kamar awa ɗaya kafin a kusanci iyali.

Ku riƙe wannan da kyau. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin su isosorbide, ko wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da wannan ƙwaya jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya, ya yanke jiki, wani ma ba ya tashi. Mai sikila kuwa, ga su nan da yawa a cikinmu, gabansa na iya miƙewa ya ƙi kwanciya. In abin ya kai awa 4, wallahi ba lokacin jin kunya ba ne, a garzaya asibiti ko da tsakar dare, in ba haka ba abin da aka je gyarawa ya mutu ɗungurungum.

Wani zai ce shi na gargajiya yake sha, zuma ce ko shayi. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni 4 saboda zumar da aka samu sildenafil ko tadalafil a ɓoye a ciki. Tadalafil kuwa tana kai awa 36 tana aiki a jiki. In a can an yi haka, ina ga kwalbar da ta tsallako iyaka babu lambar NAFDAC, ta wuni a rana?

Angwaye, abin da ke damun yawancinku fargaba ce, kuma abokai masu haɗa muku ƙwaya da tiramol cutar ku suke yi. Wanda kuma rauninsa ya daɗe, sau da yawa alama ce ta ciwon sukari ko hawan jini da bai sani ba. Ya je babban asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a auna shi, ya tafi da duk magungunan da yake sha a nuna wa likita, har da na gargajiyar.