Kiɗan Kwamfuta a Ƙasar Gumel da Hatsarin Ɓacewar Waƙa



Manufar wannan lacca ita ce a duba wata matsala da ta shafi makaɗan zamani na ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wadda ba a cika kula da ita ba sai bayan ta auku. Matsalar kuwa ita ce, kayan kiɗan matasan yau manhajoji ne da ke cikin kwamfuta, kuma manhaja takan tsufa, idan ta mutu kuwa sai ta tafi da waƙoƙin da aka yi da ita.

A da, makaɗi ya san kayan aikinsa ciki da waje. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da amon kalangu ya yi suna, haka kuma Haruna Uji na Haɗeja da gurmi. In fata ta fashe sai a ɗaura wata, in tsirkiya ta tsinke a ɗaure sabuwa, amo bai tafi ko'ina ba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, sai masu situdiyo suka koma ga fiyano, galibi ƙirar Yamaha, domin kiɗan waƙoƙin fim. Daga bisani fiyanon kansa ya shige cikin kwamfuta. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda ya ba da damar a jona ƙananan manhajoji, watau filogin, a cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, kuma tun daga 1999 irin waɗannan filogin suka iya samar da amon kayan kiɗa da kansu. Manhajar FruityLoops ta ƙasar Beljiyam, wadda aka sake wa suna FL Studio a 2003, ita ma ta yaɗu ƙwarai. Da wannan ne saurayi zai iya haɗa waƙar biki ko ta siyasa a ɗakinsa na Gumel ba tare da ya je titin Gidan Zu a Kano ba, ranar Alhamis kuma a tura ta cikin wayoyin jama'a a kasuwar Maigatari, ta ƙetara iyaka zuwa Nijar.

To, ina hatsarin yake? Fayil ɗin aikin da makaɗi ke ajiyewa ba ya ƙunshe da amon filogin, umurni kawai yake ɗauke da shi: a kira filogin kaza, ya buga sauti kaza a lokaci kaza. Saboda haka ranar da aka buɗe aikin babu wannan filogin, sai a tarar da gurbinsa shiru. Kamfanoni kuwa ba sa jiran kowa. Alal misali, Cubase ta daina karɓar filogin na tsarin bit 32 a 2016, kamfanin Apple ya rufe ƙofa ga dukan manhajojin wannan tsari a 2019, Microsoft kuma ya janye tallafinsa ga Windows 7 a 2020, sannan ga Windows 10 a watan Oktoba na 2025.

Wannan ya sa makaɗin karkara tsaka mai wuya, domin sau da yawa kwamfutarsa ta hannu ce. In ya sabunta, sabon filogin ya fi ƙarfin na'urar, sai amo ya riƙa tsinkewa yana ƙarƙara, balle a zafin bazara lokacin da ƙura ta toshe fanka. In ya ƙi sabuntawa, aikin da abokinsa ya aiko daga Kano ba zai buɗu ba. Bugu da ƙari, ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya lalata manhaja, ita kuwa manhajar sata ba ta da mai ita da za a kai wa kuka.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Na farko, kada a sabunta komai a tsakiyar aiki, sai an gama an miƙa wa mai shi. Na biyu, da zarar an kammala waƙa a fitar da kowane kiɗa da kowace murya daban-daban a tsarin WAV, wanda ya fito tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma har yau kowace manhajar kiɗa tana karanta shi. Na uku, a rubuta sunan kowane filogin da lambar fitowarsa a littafi. Na huɗu, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyan hukuma da makarantu, kamar Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa har ya yi magana, fiyano kuwa sautukansa a ƙayyade suke, kuma da wuya a sami gurmi ko kakaki ko algaita a cikin filogin da aka ƙera a Turai. Ya kamata a ɗauki amon waɗannan kaya daga hannun dattawan makaɗa da yardarsu, a biya su haƙƙinsu, a adana shi a tsarin da kowa zai iya buɗewa, domin matasa su gina sabon kiɗa a kansa. Wannan aiki ne na gaggawa, domin manhajar da ta ɓace ana iya neman madadinta, amma makaɗin da ya rasu ba a ɗauki amonsa ba, ya tafi da shi ke nan.