Jawabin Taro: Sharar Haƙar Mai Da Kifin Da Muke Ci

Dattawa, iyaye mata da 'yan uwa mazauna Azare.

A 2019 aka gano mai a Kolmani, yankin Alkaleri a jiharmu. Kada mu ce da nisa daga Katagum, kifi yana bin kasuwa.

Lakar haƙa da ruwan rijiyar mai suna ɗauke da guba. In suka malala kogi, sukan toshe numfashin kifi, su lalata hantarsa da ƙwansa. Gubar ta taru a tarwaɗa, ta ƙare a tukunyarmu. A Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara zai iya cin shekara 30.

Sashe na 20 na Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa, bai ware baƙo da ɗan gari ba. Mu rubuta wa wakilanmu, a riƙa gwada ruwan, a bayyana sakamako.

Allah Ya kiyaye mu.